Haƙori Ɗaya a Motar Malam Silvanus

Litinin, 13 ga Mayu, 1974, da yamma

Don waƙoƙin Zumuntar Mata na sayi wannan littafi, amma yau zan ba shi wani aiki. In ban faɗa wa takarda ba, Martina maƙwabciyata zan faɗa wa, ita kuwa kafin rana ta faɗi ta kai maganar har tashar jirgi.

Mun dawo daga wurin likita, ni da Zamani, Baban Hellen. Likita ya ce idon dama ba sauran magana, an bar shi ya daɗe. Na hagu ake so a ceta. Ya ba mu kati na asibitin ido a Kano, ranar Litinin 10 ga Yuni, ya kuma ja mini kunne cewa mai yin aikin zai tafi hutu bayan watan Yuni, idon kuwa ba zai jira dawowarsa ba. Akwai wata kalma da ya faɗa. Ba zan rubuta ta ba.

A hanya Baban Hellen ya ce, "Ɗan hayaƙi-hayaƙi ne kawai, likitoci suna son babban magana." Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran injin jirgi a loko, ya yi goma yana gyaran mota a ƙarƙashin mangwaron bayan gidanmu, jiya a gabana ya zuba shayi a gefen kofi.

Na sa katin cikin Littafi Mai Tsarki.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Malam Silvanus hedimasta ya zo. Tun suna yara a Fadan Kaje suke tare da Baban Hellen, kuma ban da ni shi kaɗai ya san maganar kati. Ya ce shi zai kai mu Kano a Fijonsa, kada mu sha wahalar canjin jirgi a Kaduna. Na ji daɗi, sai na ƙara masa gwate.

Amma da ya tayar da motar zai tafi, sai maigida ya ɗaga hannu.

"Silvanus, kashe. Sake tayarwa. Ka ji wannan caccaka a gaba? Sarƙan tayimin ne, ya saki. Ba za ka kai Zariya da shi ba."

Malam ya ce a bari sai an dawo. Ina! An riga an buɗe bonet.

Juma'a, 17 ga Mayu, da rana

Na kai masa kunu na tsaya ina kallo. Ba ya duban sufana yanzu, shafa su yake yi. Ya jera su a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, hannunsa na zuwa daidai kan wanda yake so. Wanda bai sani ba zai ce gwaninta ce. Ni na san abin da ya sa tun bara ya daina barin kowa ya tsaya kusa da shi in yana aiki.

Yau kuwa yana cikin raha, har ya ce in matso ya koya mini. Shekara talatin da ɗaya da aure, sai yau.

Ga abin da na gane. A ƙasan injin akwai babban ƙarfe mai juyawa da fistin ke turawa. A gefensa akwai wani siriri mai ƙusumbi-ƙusumbi, shi ne kamshaf, aikinsa buɗe bawul da rufewa. Kowane fistin yana da bawul biyu, ɗaya na shigar mai da iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Sarƙa ce ta haɗa ƙarafan nan biyu, tana bin haƙoran wili biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin ya juya sau biyu, babban sau ɗaya.

"Kin ga ke da Martina in kuna lugude a turmi ɗaya?" ya ce. "Taɓaryanki na sauka, nata na tashi. In ta makara kaɗan fa?"

Na ce mu fasa wa juna baki.

"To, haka injin. In kamshaf ya makara, mota ba shi da ƙarfi a ƙasa, ya ga tudu ya kama nishi, ya yi zafi. In ya yi gaggawa, zai ja da kyau daga tsaye, amma ya hau titi numfashi ya ƙare masa. Haƙori ɗaya ya isa."

Na tambaye shi yadda ake sanin wurin da ya dace. Ya ce akwai alama a jikin wilin. Ya kamo yatsana ya ɗora a kan wani ɗan rami a gindin haƙori, mai zurfi kamar an danna ƙusa. Ya ce ka'idarsu ce tun loko, ba a cire abu sai an buga masa alama da fanci, ƙarfen nan mai tsini, kuma duk wanda ya koya a hannunsa ya san wannan kafin ya san sunan sufana.

Hannunsa ya daɗe a kan nawa. Na ce kunu zai huce.

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe biyar

Ya rufe injin. Sai da aka murza sau huɗu kafin ta tashi. Malam Silvanus ya tafa, ya ce ta zama amarya. Ni fuskar Baban Hellen nake kallo. Ya karkata kai, kunnensa na wajen injin, bai yi murmushi ba.

Ya ce sabuwar sarƙa ce, za ta zauna.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan sujada

Ba ta zauna ba.

Malam ya ɗauki fasto da dattawa biyu za su wa'azi wajen Kagoro. A hawan nan da ke bayan gada motar ta yi nishi, ta yi tari, salansa ya buga kamar bindiga, lagireto ya tafasa. Dattawan ikilisiya da fararen rigunansu su ne suka tura ta cikin taɓo. Kafin ƙarfe uku duk Kafanchan ta ji, har da ƙarin gishiri.

A majami'a da safe Baban Hellen ya riƙe littafin waƙoƙi a buɗe a shafin da ba shi ba, yana rerawa da ka. Na juya masa shafin a hankali, ya yi kamar bai ji ba.

Talata, 21 ga Mayu, da safe

An dawo da motar ƙarƙashin mangwaro.

Alhamis, 23 ga Mayu, da yamma

Ya wanke kafireto. Ya canja filogi. Ya juya distirbita hagu, ya juya dama, ya ce wutar ce take zuwa a makare. Motar ta ɗan yi daɗin ji a tsaye, aka fita da ita, ta ga tudu ta tuna halinta.

Ko ni da na yi makarantar kwana ɗaya a wurinsa na lura da wani abu. Ya taɓa ko'ina a injin nan ban da murfin gaba, inda sarƙa take. Hannunsa ya je wurin sau biyu ya dawo.

Asabar, 25 ga Mayu, da rana

Ruwa tun asuba. Ya zauna a zaure da sufana a hannu.

Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe shida

Mun yi faɗa. Bari in rubuta yadda aka yi, don gobe zan ce ba ni na fara ba, alhali ni na fara.

Na ce saura mako biyu, mu bar motar nan mu bi jirgi, ai shi ɗan reluwe ne, ba wanda zai hana shi kujera.

Ya ce, "Ba zan bar Kafanchan ba, mota da hannuna a ciki yana tari a bayan gida."

Na ce to Malam ya kai ta wurin wani.

"Wurin wa? Faɗi sunan."

Ban faɗa ba. Meshak nake nufi, ya kuma sani. Meshak ya yi shekara shida a hannunsa, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku da garejinsa kusa da kasuwa. Tun da ya tafi ya buɗe nasa shekara huɗu da suka wuce, maigida ke amsa gaisuwarsa da ka kawai. Ba abin da ya yi masa face girma.

Na ce, "Baban Hellen, mota ce fa. Ƙarfe ne. Ido kuma fa?"

Ya ce, "Afiniki." In ya kira sunana na yanka, to magana ta kai. "In na tafi Kano haka, aka buɗe bandeji ban ga komai ba, aikin ƙarshe da Zamani ya yi a duniya shi ne wannan. Shi za a riƙa faɗi. Ba na zuwa sai ya hau tudun nan."

Na shiga kicin na yanka albasa da ba na bukata.

Laraba, 29 ga Mayu, da safe

Saura kwana goma sha biyu. Na duba katin, yana nan inda na sa shi, kamar zai je wani wuri.

Alhamis, 30 ga Mayu, da yamma

A Zumunta an yi addu'a domin marasa lafiya. Na buɗe baki zan ambaci sunansa, sai na ambaci na surukar Martina. Ubangiji ya san wanda nake nufi.

Wasiƙar Hellen ta zo daga makarantar nas a Jos. Tana tambaya ko Baba yana karanta jarida har yanzu. Yarinyar nan ba ta tambaya a banza.

Asabar, 1 ga Yuni, ƙarfe uku

Na je kasuwa sayen citta da manja, ƙafata ta kai ni garejin Meshak. Ban shirya ba, ko kuwa na shirya tun Litinin, oho.

Da ya gan ni ya fito daga ƙarƙashin wata lori, ya durƙusa har ƙasa da baƙin mai a gwiwa. Ya sa aka kawo mini benci. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi matarsa da yara ɗaya-ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare sai ya sunkuyar da kai.

"Mama, na ji motan ya wuce nan ran Lahadi. Tun daga sawun shi na sani. Kamshaf ya makara da haƙori ɗaya."

Na ce tun da ya sani, me ya hana shi zuwa?

"Mama, laifi na ne."

Ga labarin. Shekara uku da suka wuce, lokacin da muka tafi jana'izar yayan maigida muka yi mako biyu a ƙauye, motar Malam ta lalace a hanya. Malam ya kawo ta wurin Meshak a ɓoye, ya roƙe shi kada Zamani ya ji, don kada ransa ya ɓaci. Meshak ya buɗe gaba. Kafin ya cire sarƙa ya yi abin da aka koya masa, ya ɗauki fanci ya buga alama a wilin daidai inda injin ya tsaya, ya ja layi a jikin injin don su dace. Alamarsa ta faɗa haƙori ɗaya kusa da ta masu ƙera motar. Tasu ɗan siririn layi ne, ido ke ganinsa, yatsa ba ya ji. Tasa kuwa rami ne mai zurfi.

"Duk mai kallo zai ga biyu ne, Mama. Shi ya sa na kasa ganewa, yaya Baba da kan shi zai..."

Bai ƙarasa ba. Ya dube ni, na dubi cittata. Sai na ga idonsa ya ciko, ƙaton mutum mai gemu.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun bara. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina.

Ya ce shi ba zai iya tsayawa a gaban Baba ya ce masa ya yi mistek ba, gara a kore shi daga garin. In dai ana so, a kawo motar a ɓoye ya gyara cikin awa uku. Na ce ɓoye-ɓoyen nan ne ya kawo mu inda muke.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan sujada

Na tare Malam Silvanus a bakin majami'a na faɗa masa abin da na ji. Hedimasta guda, wanda yara ɗari huɗu ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, ya tsaya yana murza hula a gabana.

Ya ce, "Maman Hellen, don kada in ɓata masa rai ne."

Maza uku ke nan. Ɗaya ya ɓoye idonsa, ɗaya ya ɓoye inda ya kai motarsa, ɗaya ya ɓoye alamarsa, kowa don ƙaunar ɗan'uwansa. Ni kuma da nake zaginsu a nan, wa ya juya shafin littafin waƙoƙi a ɓoye? Wa yake matsar da kofi ƙarƙashin buta kafin shayi ya zubo?

Litinin, 3 ga Yuni, da safe

Mako ɗaya. Ban san ta inda zan fara ba.

Talata, 4 ga Yuni, da rana

Na dafa masa tuwon acca da miyar karkashi, abin da ya fi so. Na zauna zan yi magana. Ya ce miyar ta yi daɗi. Na ce to.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe biyar

Yau na yi.

Na same shi zaune a kan tsohuwar taya, bonet a buɗe, bai taɓa komai ba. Na ɗaura tsohon zane na zauna kusa da shi. Na ce darasin ran nan bai ƙare ba, ina da tambaya. In alama ta goge, ko ta zama biyu, yaya makanike yake sanin gaskiya?

Ya juyo da fuskarsa wajena, ya daɗe.

"Wa ya ce miki ya zama biyu?"

Na ce ni dai tambaya na yi.

Kaza ta zo ta wuce tsakaninmu. Sannan ya ce akwai hanya, ta tsofaffin loko. A cire filogi na ɗaya, a sa siririn abu ya taɓa kan fistin, a juya injin da hannu a hankali. Daidai lokacin da fistin ya kai ƙarshen sama, bawul na hayaƙi yana gama rufewa, na mai yana fara buɗewa. Sai su haɗu a bakin ƙofa, mai fita da mai shiga. In suka haɗu a nan, tayimin daidai ne, ko da alama ko babu.

Na ce to me ya hana ka yi tun ran nan?

"Yana son mutum biyu. Ɗaya ya ji bawul da yatsa, ɗaya ya kalli tsinke." "Ni ba na ganin tsinken, Afiniki. Ba na ganin alaman ma. Da yatsa na nema. Fuskanki ma tun Kirsimati inuwa nake gani."

Na sani. Na daɗe da sani. Amma jin sa daga bakinsa daban ne, sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka, wuyana kuma ya kama ciwo.

Na ce, "To ai ga ni. Idona biyu, ba abin da nake yi da su sai tsintar tsakuwa a acca."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na bar shi ya gama. Daga nan na faɗa masa komai, Malam da Meshak da fanci. Na jira ya tashi da faɗa.

Ya ce, "Zurfin ramin nan. Na ce a raina wannan hannun ya iya buga fanci." Ya girgiza kai. "Ashe ni na koya masa."

Alhamis, 6 ga Yuni, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Ba mu sami siririn ƙarfe mai tsabta ba, na ɗauko tsinken saƙata, wanda nake yi wa jikar Martina hula da shi. Ya cire murfin sama da filogi, ya nuna mini ramin, na zura tsinken har ya taɓa wani abu. Ya sa hendil a gaban mota yana juyawa da hannun dama kaɗan-kaɗan, na hagu a miƙe, yatsu biyu a kan ƙarafan da ke danna bawul.

"Yana hawa?"

"Yana hawa."

"Yanzu fa?"

"Yana hawa. Ya rage sauri. Ya tsaya."

"Ba su haɗu ba," ya ce. "Na hayaƙi yana buɗe har yanzu." Ya ƙara juyawa. "Yanzu suka haɗu. Tsinke fa?"

Na ce ya riga ya fara sauka, ya kai faɗin farce.

Ya saki hendil ya ce, "Ya makara. Haƙori ɗaya." Ba da baƙin ciki ya faɗa ba. Kamar wanda ya daɗe yana neman akuyarsa ya ji kukanta a bayan gida.

Muka cire lagireto, muka buɗe murfin gaba. Ni na riƙe kwanon kusoshi, ni na goge wilin da tsumma da kananzir. Ga su nan kuwa, rami mai zurfi, kusa da shi ɗan layi siriri kamar gashi. Na kama yatsansa na ɗora a kan layin, kamar yadda ya yi mini ran nan. Ya shafa ya shafa ya ce ba ya jin komai. Na ce yana nan, ka yarda da ni. Ya ce ya yarda.

Ya zare sarƙa, ya matsar da wilin haƙori ɗaya, ya mayar. Muka sake gwajin tsinke. Na ce, "Ya tsaya," shi kuma a daidai wannan numfashin ya ce, "Sun haɗu."

Sai ya ce in aika a kira Meshak.

Ya zo da gudu, ya tsaya nesa da hula a hannu. Maigida ya ce, "Matso, ba cizo nake yi ba. Distirbita da kafireto duk na birkita su ina neman laifi inda babu. Mayar mini da su, idonka ya fi nawa." Haka kawai ya faɗa, a gaban Martina da ke leƙe ta katanga. Meshak ya ce, "To, Baba," da wata irin murya, ya sa kai cikin injin ya daɗe bai ɗago ba.

Kafin a rufe murfi maigida ya ce a cike ramin Meshak da jan fenti, a buga sabo a kan layin gaskiya, don wanda zai buɗe nan gaba. Ya miƙo mini fanci da guduma. Na ce ni? Ya ce wanda ya ga alama shi ke bugawa. Na buga, ta ɗan karkace. Meshak ya ce ta yi kyau, maƙaryaci.

Murzawa ɗaya ta tashi.

Juma'a, 7 ga Yuni, da rana

Mun je tudun. Malam na tuƙi, maigida a gaba, ni da Meshak a baya. Da muka wuce gada Malam ya kai hannu zai sauke giya, maigida ya ce, "Bar shi a uku." Ta hau kamar ba tudu ba. A sama ya ce a tsaya, ya fita ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya saurara.

Ya ce, "Silvanus, gobe ƙarfe nawa?"

Malam ya daki kafaɗarsa. Ba wanda ya ta da maganar shekara uku da suka wuce, na kuma ga alama ba za a tayar ba.

Na wanke hannu da sabulu, da toka, da lemun tsami. Baƙin mai ya shige ƙarƙashin farcen babban yatsana ya ƙi fita. Haka zan je Kano.

Asabar, 8 ga Yuni, da asuba

Kati na cikin jaka. Na duba sau uku. Meshak ya kawo ƙwai dafaffe goma sha biyu, kamar za mu Makka.

Litinin, 10 ga Yuni, Kano, ƙarfe biyu

Sun shiga da shi. Zafin garin nan ba irin namu ba ne. Kafin a tura gadon ya riƙe hannuna ya ce in gaya wa Silvanus ya duba ruwan lagireto kafin ya koma.

Ina zaune a benci. Na buɗe Littafi, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Laraba, 12 ga Yuni, da safe

Bandeji. An ce kada ya motsa kai, kada ya yi tari. Ni nake ba shi koko da cokali. Ya ce na cika cokali da yawa, ban san awo ba.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma

An buɗe don sa magani. Ya ce haske ne kawai, fari fat. Nas ta ce haka ake farawa, sai an gwada tabarau. Ban tambaye ta ko kowa da kowa ba.

Alhamis, 20 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya

Malam ya dawo ɗaukarmu. Muna cikin ɗaki, motoci na shiga suna fita a harabar asibiti, sai maigida ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga Silvanus." Minti biyu sai ga shi a ƙofa.

Aka kira mu wurin likita. Ya ɗora masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ya nuna allo mai baƙaƙe a bango, ya ce Malam Zamani, me kake gani?

Bai dubi allon ba. Ya juyo wajena. Ya daɗe yana kallo, idon nan ɗaya ya zama ƙato a bayan gilashi. Na ɗora hannu a kan gwiwarsa. Ya ɗauki hannun ya kawo kusa da fuskarsa, ya juya shi.

Likita ya sake tambaya.

Ya ce, "Likita, ka yi haƙuri. Wannan makaniken da na zo da shi, mako biyu bai wanke farcen shi ba."